Gishirin Baba a Kan Sikeli

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa sanyin can bai takura muku ba. Mu nan lafiya lau, Inna ma ƙafar ta yi sauƙi har ta koma faɗanta da kaji.

Yaya, labarin 'yarka ta wajena na kawo maka, kuma wallahi ina rubutawa kaina na ƙara girma. Ka san hawan jinin Baba ya matsa masa. Likita ya ce a rage gishiri, kada ya wuce giram biyar a yini, in kuma jinin bai sauka ba a zuwa na gaba to sai kwanciya asibiti. Baba kuwa ka san halinsa, tun a mota muna dawowa daga asibiti ya rantse ba mai raba shi da ɗakinsa. To mu ina muka san giram? Tun tasowarmu ma'aunin gidan nan murfin kwalbar nan ne na Inna, cike da tozo, na gishiri mai tsakuwa. Sai Auta, da ƙaurin kai irin nasa, ya sayo garin gishiri na leda, wai ya fi sauƙi a jiki. Muka koma zuba murfi a shafe, ba tozo, muna ta yaba kanmu mun rage. Amma kullum aka auna Baba a kantin magani, jinin yana nan inda yake. Hankalina ya tashi ƙwarai, har na fara haɗa masa kayan asibiti a ɓoye.

Ana haka 'yarka ta dawo daga gidan burodin da take aiki, ta ɗanɗana miya, ta ji gishirin bai ragu ba. Kashegari sai ga ta da ɗan sikelin da suke auna yis, sinadarin kumbura burodi. Ta zaunar da mu a kicin, har Inna, ta auna murfi mai tozo na tsohon gishirin, ta auna shafaffen murfi na garin. Yaya, na garin ya fi nauyi! Ashe ƙari muka yi. Ta ce mai tsakuwa iska ce ta cika tsakaninsa, gari kuwa danƙarewa yake yi, shi ya sa a wurin aikinsu ba a yarda da cokali sai an san nauyin abin da ya ɗauka. Auta ya so musu, ta miƙa masa sikelin ya gwada da hannunsa. Gani ya kori ji.

Ba ta tsaya nan ba. Ta auna ƙaramin cokalin shayi a shafe, ya ba ta kusan giram shida, wato rabon Baba na yini bai ma cika shi ba. Ta ware masa tukunyarsa, kowace safiya tana auna nasa a ɗan gwangwani kafin ta fita, ta koya mini cike gurbin da tafarnuwa da lemon tsami. Baba ya yi ta mita, wai amaryarsa za ta kashe shi da lami, amma kwanon ba ya dawowa da saura. Kai da ka ce aikin burodi ɓata karatu ne, sai ka zo ka ba ta haƙuri.

Shekaranjiya muka koma asibiti. Likita ya auna, ya sake aunawa, ya ce jinin ya sauka, mu tafi gida. A bakin ƙofa Baba ya riƙe hannun yarinyar nan, idonsa ya kawo ruwa, ya ce in rubuta maka cewa ka haifi 'ya. Ni ma kuka na yi, ban ji kunyar kowa ba.

Ka gaida Anti da 'yan biyu da Kawu idan kun haɗu. Inna da Auta suna gaishe ka. Baba ma yana gaisuwa, ga shi can a ɗakinsa yana jin rediyo.

Taka ƙanwa mai kewarka.