Wane Irin Tempe Ne Kai?

Purwokerto, Litinin
Aikin farko: wanke waken suya, a jiƙa.

Kinanti 'yar yayata,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya a Jakarta, ke da aikin naki na rubuce-rubuce a intanet, in dai aiki ne.

Daga littafin da nake rubuta al'amuran yini na yago wannan takarda. Ba zan kira ki a waya ba, don a cikinta kika yanka ni. Jiya Bu Harti, mai kula da abincin makarantar kwanan 'yan matan da nake kai wa tempe, curin waken suyan nan da nake tsimawa a ganye, ta miƙo mini wayarta. Sai ga tempena a ganyen ayaba, a kan tiren nan mai tsagaggen baki da kika ɗauka hoto da Sallah. A sama an rubuta: "Kalli farin abin da ke tsirowa a abincin da kake ci kullum! Likitoci sun yi gum!"

Nduk, 'yata, farin abin nan ai shi ne tempen. In babu shi, dafaffen wake ne kawai. Ke da kika yi rarrafe ƙarƙashin katakon da nake jera shi a kai!

Na karanta har ƙasa. Can bayan tallar maganin teɓa kin ce yana gina jiki. Wa ya kai can? 'Yan matan sun ga kan labari, sun tura wa juna, yanzu ture faranti suke. Wata ta ce wa Bu Harti, "Bu, fumfuna ce fa, a waya na gani." Bu Harti ta ba ni zuwa ƙarshen wata. In ba su ci ba, za ta koma sayen awara, kuma rabin abin da nake yi can yake zuwa.

Na tambayi kaina ko ni ce ban gane zamani ba.

Taki,
Bulik Darsinah, ƙanwar uwarki

Jakarta

Bulik,

Gaisuwa da durƙuso. Wayyo, ki yafe mini! Ai ban sa sunanki ba, wa ya san za a gane tire?

Bulik, yaran nan ba ilimi suke nema ba, zaman shiru ne ya ishe su. In na rubuta "Tempe yana da amfani", ko kaza ba za ta latsa ba, kuma oga masu latsa kan labari yake ƙirgawa, ba gaskiya ba. Ban haƙuri ma ba mai karantawa, na sha gwadawa.

Amma na haɗa musu wasan tambayoyi: "Wane irin tempe ne kai?" Na tura wa wata 'yar aji uku a makarantar, ita kaɗai ta isa ta yaɗa shi. Ranar Juma'a ki soya kala huɗu: mai laushi, mai ƙaras-ƙaras, mai zaƙi, mai yaji. Kada ki yi musu wa'azi, don Allah.

'Yarki mai laifi,
Kinanti

Purwokerto, Asabar

Kinanti,

Ina gaishe ki. Na ga shirmen naki. "In ruwa ya tsare ka a hanya, gudu kake yi ko rawa?" Me ya haɗa ruwan sama da waken suya? Don wannan uwarki ta kai ki makaranta?

Duk da haka na soya. Na kai da kaina, na tsaya a bayan tebur. Sai ga 'yan matan a layi har bakin ƙofa.

"Bu Darsinah, ba ni mai laushi, wai zuciyata ba ta riƙo."

"Maƙaryaciya! Ke mai yaji ce, kowa ya san bakinki."

"To ke fa, ƙaras-ƙaras, mai karyewa in an taɓa?"

Mai maganar fumfunar nan uku ta cinye, tana lashe yatsa. Bu Harti ta ce in ci gaba da kawowa, har da ƙari.

Ya kamata in yi murna, amma na kasa. Tempen bai canza ba. Da waya aka kori yaran, da waya aka dawo da su, kamar agwagin da ake juyawa a gonar shinkafa da tsumma a kan sanda. Gobe wani ya rubuta awara na ƙara hasken fata, shi ke nan na shiga uku.

Wata magana. Na gwada wasan, don in san iyakar wautarsa kawai. Bai ba ni ko ɗaya cikin huɗun ba. Sai ya ce: "Ke tempen da ya wuce lokacinsa ce. Kina da wari, ba a cin ki ke kaɗai, amma miya ba ta daɗi sai da ke." Na canza amsoshi, ya sake faɗin haka. Don ni kika sa wannan?

Bulik

Jakarta

Bulik,

Ina gaisuwa. Ba ni ke zaɓa ba, amsoshinki ne. Sau nawa kika gwada?

Kinanti

Purwokerto, Laraba

Kinanti,

Lafiya lau. Ba ruwanki. Ga tempe nan cikin kwali, direban bas zai kira ki. Kada ki ɗauke shi hoto.

Bulik

Ayyukan gobe:
Ganyen ayaba bai isa ba, a je wajen Pak Warto mai gonar ayaba.
Ƙara jiƙa wake.
Jefar da tsagaggen tire. Ko a bar shi.
Tambayar ruwan sama: a gwada "rawa".