Ɓeraye a Motar Ubanka

Zuwa ga ɗana Zaharaddini, can Arlit.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka, da fatan Allah Ya ba ku lafiya, Ya tsare ka cikin ramin ma'adinin nan da kake aiki. Mu nan Agiye mun gode Allah. Ƙafata tana nan yadda ka san ta. Gero ya yi dama-dama, wake kuwa ya yi sosai, kuma waken ne ya jawo mana abin da zan faɗa maka.

Ka tuna ranar sadakar bakwai ta ubanka ka ce kada kowa ya taɓa bas ɗinshi sai ka dawo an raba gado. Mun bi maganarka. Ta kwana damina gindin gawo, ko tada ta ba a yi ba. Da kaka ta yi, baffanka Jibo ya ce ga ɗaki mai ƙofa da makulli zaune banza, ya zuba buhunan wake ciki saboda awaki. Ban hana shi ba, ni ma na ga dabara ce.

Ranar Talata da hantsi naƙuda ta tsananta wa Zulai, matar ƙaninka Mudi. Likitan nan ya ce sai Maradi. Mudi ya ruga tasha, ba mota ko ɗaya. Tun da anka yi babban taron Yamai kowa da jam'iyyarshi, duk sun kwashe motocin sun tafi mitin. Na ce mishi ya zubar da waken ya tada ta ubanshi, in ka yi faɗa ni ce. Anka tura, ta tashi. Mun wuce Cadawa kaɗan ta fara shaƙewa kamar akuya ta haɗiyi ƙashi, ta mutu. Mudi ya murɗa, ya murɗa, inji na juyawa amma ya ƙi kamawa. Muna bakin hanya har azahar, sannan wata babbar mota ta 'yan jam'iyya masu tuta ta ɗauke mu, ta kai mu Maradi. Zulai ta tsira da ranta. Yaron bai zo da rai ba. Namiji ne.

Da shanu anka jawo motar gida. Mudi ya ce batir ne, ya aro wani, shiru. Ya canza buji, wato fulogi, shiru. Jibo ya ce mamaci ne bai yarda ba, don an taɓa kayanshi ba a raba ba, har ya amso rubutu ya yayyafa mata. Na ce mishi ubanka da ranshi ma bai taɓa hana mai ciki mota ba, balle yanzu da ba ya da abin yi da ita. Sai na aika anka kira Habi bakanike. Ya ɗaga kujerar gaba, ya sa hannu ya zaro sheƙar ɓera cike da ɓawon wake. Ya nuna mini tiyon da mai ke bi, duk ɓeraye sun ɓula shi, iska take sha maimakon mai. Ya ce da ana tada ta ko ran Juma'a kaɗai, da zafi da ƙara sun kore su. Gyaran ma bai kai ya kawo ba.

Ban rubuto don in ɗora maka ba. Kwana ya ƙare ne. Amma kai ka faɗi magana, mu kuma munka riƙe ta kamar aya, ba wanda ya tsaya ya yi tunani. Dukiyar da aka hana wa mai rai ba ta zama ta mamaci, ta ɓera take zama. Mudi bai ce komai a kanka ba, kuma shirun nan nashi ba ya yi mini daɗi.

Saboda haka na ce Habi ya gyara, Mudi ya fara jigilar fasinja zuwa Gazawa da ita. Ba izininka nake nema ba, sanar da kai nake. In ka zo ku raba abinku yadda addini ya ce. Kafin nan ka rubuto wa ƙaninka, da hannunka, kada ka aiko da gaisuwa a bakin wani.

Ka gaida matarka Hasiya, da Mubarak, da 'yar auta Marwa. Innarka Tala tana gaishe ku.

Ni ce uwarka,
Baturiya