Layin da Muka Kulle, Bappa Ya Buɗe

Jekadafari, Gombe.

Zuwa ga Hamma Bappayo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Allah Ya ƙara kiyaye ka a ƙasar mutane. Inna ta samu sauƙin ƙafar, har ta koma zuwa masallaci.

Batun wayar intanet ɗin da ka haɗa mana da manhajar nan ta kyauta, wadda kowa ke iya leƙa cikinta ya gyara: mun gwada kullen da ka sa mata don hana satar ji. Ka san don mijin Adda Hadijatu muka yi wahalar nan, tunda yaran daji suka aiko masa cewa malamin boko irinsa sai sun yanka shi, ya gudo muka ɓoye shi tare da Adda a Tumfure. Ni da Polycarp mai gyaran kwamfuta muka zauna a shagonsa. Na kira Adda, shi kuma ya tsaya tsakani da tasa na'urar yana ƙoƙarin satar ji. Kafin mu kunna kullen har tarin Adda ya jiyo. Da muka kunna, bai samu ko kalma ɗaya ba. Wallahi sai da na yi hawaye.

Sai ga Bappa Yuguda, wai shi ne babba, ba za a amince da abu ba sai ya gwada da kansa. Mutumin da ko kati sai an loda masa! Ya karɓi wayar ya nufi majalisarsu ta ƙofar mai shayi bayan la'asar, ya kira mijin Adda, ya buɗe sifika don tsara su ga abin da ɗansa na waje ya ƙera. Ya yi ta yi masa ihu cewa ya saki jiki ya yi magana, layin a kulle yake, ko aljani ba zai ji ba. Ya tambaye shi ko har yanzu suna gidan nan mai koren ƙyaure bayan gonar masara. A gaban 'yan keke, a gaban baƙin da ba wanda ya san daga ina suke!

Da na yi masa magana, cewa ya yi ai ku kuka ce an kulle. Kai, tir! Na raina wayonsa, Hamma, ban kuma ɓoye masa ba.

Kafin magariba Adda ta ɗaure kaya, ga tsohon ciki, suka bar Tumfure. Na cire sunan Bappa daga layin. Kada ka tambaye shi inda suke, bai sani ba, kuma ba zai sani ba.

Inna da Fatimatu suna gaishe ka, Polycarp ma ya ce a miƙa. Bappa shi ma yana gaisuwa, rabin Jekadafari shaida ne.

Ƙanwarka,
Ummukulthum