Taku Ashirin Daga Bakin Rafi

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Allah ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan da ka ce yana tashi in sanyi ya shigo, ya yi wa aikinka albarka, ya kuma nuna mana ranar da za ka zo mu ga juna. Mu nan lafiya lau muke. Gwaggo tana nan da ƙarfinta, ido ne kawai ya yi rauni, baki kuwa sai abin da ya ƙaru. Maigidana ya warke daga zazzaɓin da ya kwantar da shi, har ya koma yi mini faɗa a kan gishiri. Babbar 'yata ta sauka lafiya, mace aka samu, kuma wallahi goshinka ta ɗauko, Allah ya sa ba ta ɗauko taurin kan ba. Damina ta yi kyau, rumbu ya cika, ba mu da abin cewa sai godiya.

Yaya, akwai maganar da na yi shekara guda ina juya ta a raina, yau na ce bari in sauke. Ka tuna ranar da na raka ka tasha, ka riga ka shiga mota ka leƙo ta taga, ka ce in riƙe maka amanar gonar Baba ta bakin rafi, kada in bari a taɓa ko taku ɗaya. Na ɗaukar maka alkawari. To, game da wannan alkawarin nake rubuto maka, kuma ina roƙonka ka karanta har ƙarshe kafin ranka ya ɓaci.

Rafin da ka sani ba shi ba ne yanzu. A shekaru goman nan da rasuwar Baba, ruwan ya koma ja wur, in na ɗebo a bokiti sai na jira rabin yini kafin laka ta kwanta. Kowace damina gaɓa sai ta zube, rani kuwa tun bai yi nisa ba rijiyoyin mutanen ƙasan rafi suke ƙafewa. Masunta suka ce yashi ya cike gurbin kifi. Bara sai ƙauyukan nan biyar da ke shan rafin, tun daga gindin dutse inda yake ɓuɓɓugowa har inda ya faɗa babban kogi, suka taru a makarantar firamare. Mun zauna a kan bencin yara, gwiwa na dukan tebur, tun hantsi har la'asar. Aka naɗa tsohon hedimasta shugaba, aka yanke cewa ba a ƙara sare itace a kan dutse, shanu za su sha ruwa a mashaya uku kawai, masu wanki su ɗebi ruwa su matsa nesa. Duk wannan na ɗaga hannu na yarda, domin ba abin da ya taɓa ni. Sai aka zo kan na ƙarshe: duk mai gona a bakin rafi zai bar taku ashirin daga gaɓa ba noma, a dasa jema, ciyawar nan mai doguwar saiwa da ke riƙe ƙasa.

Nan fa hannuna ya sauka. Ka san taku ashirin a gonarmu shi ne daidai inda albasa take fi yi, wurin da ni da kai muka share da hannunmu. Na miƙe na ce ni amana aka ba ni, mai gona yana nesa, ba zan ba da ko taƙi ɗaya ba balle taku. Hedimasta bai yi gardama da ni ba, ya ce a dai bari a auna tukuna.

Awon ma sai da ya zama abin dariya. Da yake taku aka ce, ranar farko kowa ya zo da wanda ya fi kowa gajarta a danginsa ya taka masa. Wani har kakarsa ya kawo, tana dogara sanda. Da abin ya ƙi ci, aka sake zama aka ce ƙafa ɗaya za ta auna rafin gaba ɗaya, kuma ta mutumin da ba shi da gona a bakin ruwa. Aka zaɓi Dogo tela na ƙauyen ƙarshe, wanda in zai shiga shagonsa sai ya sunkuya. Kwana tara yana tafe daga gindin dutse yana gangarowa, mutane biyu na binsa da turaku da guduma, masu gona kuwa na binsa da harara.

Ranar da aka iso kanmu na tsaya a tsakiyar albasata na riƙe ƙugu. Gwaggo ma ta ce sai an kawo ta, aka ajiye mata kujera a inuwar mangwaro. Dogo ya tsaya a bakin gaɓa ya fara taku yana ƙirgawa, yana bi tsakanin kunya a hankali don kada ya tattake mini shuka, abin da ya ƙara ba ni haushi, domin na so ya yi laifi in sami abin kamawa. Ya kai ashirin, aka kafa turke, aka buga guduma, turke ya ƙi shiga. Aka matsa gefe kaɗan, nan ma ya ƙi. Da aka sa fartanya aka tona, sai ga dutse. Aka ƙara tonawa gaba, wani dutsen, da wani, a jere suna bin tsawon rafin kamar an ja zare.

Yaya, nan take na gane su. Duwatsun nan ne da muka kwashe na samansu muka yi wa awaki katanga, shekarar da Baba ya rasu. Manyan na ƙasa da suka fi ƙarfinmu muka bari, muka ja kunya a kansu, laka ta rufe, muka manta. Ka tuna abin da muka ce a lokacin? Muka ce tsufa ne ya hana Baba nome wurin, shi ya sa ya bar ciyawa ta cinye ƙasa mai kyau. Mako biyu muna tuge jema, muna jin mu ne masu zuciya.

Gwaggo ta sa aka kama hannunta har wurin, ta taɓa dutsen da ƙafa. Ta ce tun Baba yana saurayi bai taɓa sa garma a bayan duwatsun nan ba, kuma duk farkon damina yakan raba saiwar jema ya cike inda ta yi gibi. Ta ce a lokacinsa wurin ya kai taku talatin, goman da suka ɓata rafi ne ya cinye bayan mun share. Ta tuna mini ta faɗa mana tun a lokacin, muka ce macizai ke ɓuya a ciki. Sannan ta juyo gare ni a gaban mutane ta ce, “Gonar ubanki a nan ta tsaya. Wancan na rafi ne, ku kuka shiga masa.”

Kunya ta kama ni har ban san inda zan sa fuskata ba. Ni da na zo da faɗa a baki, ni na karɓi guduma na kafa turken da kaina a jikin dutsen. Da na cire albasar ƙarshe ban sake shuka komai a wurin ba. Ruwan farko na sauka muka dasa jema, layi shida, mutanen ƙauyen sama suka zo suka taya mu, mu ma muka je muka taya su. Ba zan ɓoye maka ba, albasar bana ba ta kai rabin ta da ba, kuma na ji zafin hakan. Amma daminar nan duk ƙarfinta gaɓarmu ba ta zube ba. Ruwan bai yi fari ba tukuna, sai dai yanzu kafin in gama shara lakar ta kwanta. Duk wata muna zagaya rafin, na sama su duba na ƙasa, na ƙasa su duba na sama, kuma ni da na fi kowa ƙi, yau ni ce nake tsare masu sara a kan dutse. Hankalina a kwance yake, abu ɗaya kawai ya rage mini, shi ne jin ta bakinka.

Ka ce kada in ba da ko taku ɗaya na gonar Baba. Na daɗe ina tunani, kuma ina ganin ban ba da ba. Abin da ni da kai muka ɗauka ne na mayar. In duk da haka ka ga na yi laifi da ban tambaye ka ba, ka yafe mini.

Ka gaishe mini da matarka da kyau, ka ce na gode da zanen da ta aiko. Ka gaishe da takwarata da ƙannenta, da surukinka mai gyaran agogo. Gwaggo tana gaishe ka, ta ce rabin faɗan da ta yi mini naka ne, ta ajiye maka sai ka zo. Maigidana da yara duk suna gaisuwa.

Za ka ga ɗan ƙulli a cikin ambulan, saiwar jema ce daga bayan duwatsun. Ranar da muke dasawa na kai hannu fuskata zan share gumi, sai ƙamshin saiwar ya tsayar da ni cak. Duk ƙuruciyarmu na ɗauka turare Baba yake shafawa. Ka shinshina, ka gaya mini hannun wa ka tuna.

Allah ya jiƙan Baba, ya sada mu da alheri.

Ni ce ƙanwarka,
Autar Baba