Baban Dauda, jikarka ta zauna a bencin horo

Zuwa ga maigidana, Baban Dauda,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana hutawa lafiya a inda babu sauro, babu ɗauke wuta. Mu nan Kurmin Mashi muna nan yadda ka bar mu shekara tara ke nan, sai gwiwata ta hagu da ta ƙara rashin kunya. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san a aji huɗu na tsaya, kuma zaryarka a ƙofar gidanmu ce ta jawo.

Gyara zama, labari na kawo maka. Amaryarka Rifkatu, 'yar Dauda, wadda ka bari tana gudun kaza, ta yi abin da ya sa nake tafiya a unguwa kamar matar gwamna.

Ka tuna Hannatu, 'yar marigayi Malam Yohanna na Abakpa, ƙawarta tun makarantar Lahadi? Ta yi ciki ba aure. Dattawan ikilisiya suka zauna, aka karanta sunanta a sanarwa: horo na wata shida, ba jibin Ubangiji, ba waƙa cikin mawaƙa, zama a bencin baya. Shi kuwa gogan da ya yi aikin an ce yana Fatakwal, can inda benci ba ya kaiwa. Uwarta ta daina yi mata magana, suna wuce juna a tsakar gida kamar 'yan haya. Yarinyar ta gaya wa Rifkatu cewa Lahadi ɗaya za ta zauna a bencin nan, daga nan ta ɗaure kayanta ta shiga duniya, ita da coci kuma shi ke nan.

Lahadin ta zo. Hannatu na can baya ita kaɗai, kai a sunkuye, masu shigowa suna kewaye ta kamar kwata. Ana gama waƙar farko sai jikarka ta miƙe daga cikin mawaƙa, da doguwar rigarsu a jikinta, ta bi ta tsakiyar coci da takalmin nan nata mai ƙwas-ƙwas, har baya. Ta zauna, ta buɗe littafin waƙa, ta miƙa wa Hannatu gefe ɗaya. Baban Dauda, coci ya yi tsit har ƙarar fanka kana ji. Ba ta tashi daga wurin ba har aka gama sujada.

Ni fa? Ina layi na uku cikin matan zumunta, da ɗaurin ɗankwalina har sama, ina kallon ƙasa kamar na yar da allura. Ba zan yi maka ƙarya ba, abin da mutane za su ce shi ne a raina.

Shugaban mawaƙa ya karɓe rigarta, wai sai ta dawo hayyacinta. A gida Dauda ya yi ta faɗa, irin faɗanka, tsawa ba ruwa. Da ya gaji ta ce, "Baba, ba a kore ta daga gidan Allah ba, cewa aka yi ta zauna a baya. Ni ma bayan nake so."

Nan na tuna da kai. Duk ranar da ka karanta sunan wani a horo, lokacin kana dattijo, ba ka iya cin tuwo. Ran Litinin ka hau kekenka ka je gidansu a ɓoye, ka dawo kana cewa, "Saratu, makiyayi bai aika wa ɓatacciyar tunkiya saƙo ba, da ƙafarsa ya je." Ka je gidajensu, na shaida. Amma zama kusa da su a gaban jama'a ran Lahadi, wannan ya gagare ka, ya gagare ni. Ban ga laifinka ba, mutumin da ya taɓa suma don an nuna masa allura a asibiti.

Lahadi ta biyu na ja gwiwata na je na same su. Ina da ƙorafi a nan. Kai ka ƙera bencin nan da hannunka, kafintan kirki, ba majingina, ƙafa ɗaya ta fi 'yan'uwanta gajarta. Horon na bayana ne ko na masu laifi? Shugabar mata ta leƙo tana yi mini ido, na ce mata likita ya ce in riƙa shan iskar bakin ƙofa. Ina faɗa na ji Rifkatu ta kalle ni. Sai kunya ta kama ni, tsohuwa da furfura tana ƙarya a ɗakin Allah. Na kira matar na ce, "Ba iska ba ce. Wurin Hannatu na zo."

Hannatu ba ta tafi ba. Lahadi bayan Lahadi tana zuwa, da fari in ana waƙa baki a rufe, daga baya leɓɓa suka fara motsi. Ni ban ce a daina horo ba, ikilisiya ba ta rasa dalilinta. Fasto ma bai hana mu ba, gilashinsa kawai yake gyarawa in ya hango mu.

Makon jiya, wata na huɗu, ana tsakiyar sujada sai ga uwar Hannatu ta shigo a makare. Maimakon ta wuce wurinta na gaba, ta tsaya a kanmu, fuska a murtuke, ta ce, "Ku matsa." Muka matsa. Ta zauna, ba ta kalli 'yarta ba, sai ta zaro mafici ta hau yi mata fifita, ka san mai ciki da zafi. Hannatu ta fashe da kuka. Ni kuwa na ɗaga muryar nan tawa da ka ce tana korar tsuntsaye, na rera da ƙarfi don kada a ji su.

Jininka ne, maigida, ba zan yi maka gardama ba yau. Abin da ka yi ta ɗauka a zuci shekara da shekaru, ita ta tashi ta yi shi da rana tsaka.

Ubangiji ya sauki Hannatu lafiya, ya riƙe Rifkatu a kan wannan hanya, ya ba mu tsofaffi ko rabin zuciyarta. Ya haɗa fuskokinmu a gabansa ranar da ya ga dama. Amin.

Taka har gobe,
Saratu, Maman Dauda