A Buɗe Mana Famfo da Asuba, Dashena na Mutuwa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Famfon Unguwarmu, garin Isa.

Assalamu alaikum. Baba, a gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto wannan takarda, alhali ni yarinya ce. Ranar Juma'a na zo zaurenka, na tarar da manya cike, na tsaya a bakin ƙofa har aka watse ban iya cewa komai ba.

Tun da muka baro Gatawa, abin da muka tsira da shi dashen mangwaro ne mai aure, wanda mahaifina ke renonsa cikin leda a bayan gida. Yanzu bazara ce, ya koma ƙauye sharar gona, sai ya yi mako biyu bai leƙo ba. Yayana yana Nijar. Inna ba ta iya ɗaukar jarka. Ni kaɗai nake shiga lambun, ni kaɗai nake fitowa, babu wanda nake gaya wa idan ganye ya yi yaushi.

Kukana uku ne.

Na farko, an mayar da buɗe famfo daga hantsi zuwa azahar. A lokacin ina aji.

Na biyu, ko na bar makaranta na ɗebo, ruwan tsakar rana ba ya yi wa dashe amfani. Baƙar leda tana ɗaukar zafi, ruwan sai ya dafa saiwa. Na gwada sau ɗaya, guda tara suka bushe. Har yau ban faɗa wa mahaifina ba.

Na uku, jarka biyu a rana aka yanke wa kowane gida. Da su muke sha da girki da alwala. Ragowar ruwan wanke-wanke nake zuba wa dashen, kuma ba ya kaiwa layi na biyu na ledojin.

Wata mai zuwa za ni fara jarrabawar gama sakandare. Tsakanin karatu da dashe, ba na son in bar ɗaya don ɗaya.

Ina roƙo a buɗe famfon bayan sallar asuba, ko na rabin awa ne, har ruwan sama ya sauka a kai dashen gona. Za ni bi layi kamar kowa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya saka maka da alheri kan hidimar jama'a. Idan ba a samu damar duba wannan ba, ina neman izinin in sake rubutowa, domin a takarda kawai nake iya magana.

Wassalam.

'Yarka,
Rabi