Bidi Zai Fita da Ƙafarsa

Zuwa ga Malam,

Bayan gaisuwa, da fatan kwanciyarka hutawa ce. Na san ba za ka karanta wannan ba. Da ranka ma cewa kake rubutuna kamar kaza ta taka tawada, balle yanzu. Amma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

Gida lafiya. Jikarka Binta ta sauka, namiji, ya kwaso kunnuwanka kaf, Allah ya ba shi haƙurin zama da su. Maganar dokinka Bidi ce ta sa na ɗauki biro.

Tun bayan arba'in ɗinka cikinsa ke tashi. Sai ya ƙi ci, ya riƙa tonon ƙasa da kofato yana waiwayen cikinsa, gumi na tsiyaya, can ya zube ya yi ta birgima har igiyar turke ta sarƙe shi. Ya lafa, bayan sati uku abin ya dawo. A unguwarmu Kusfa kuwa kowa ya zama likita. Wannan ya ce tsutsa ce, wancan ya ce kewarka ce. An ɗura masa sabara, an ɗura kanwa, ni har rubutu na sa aka wanke masa.

A tashi na biyar ɗanmu Sani ya ɗauko likitan dabbobi. Mutumin ya saurari cikin, ya zura hannu har kafaɗa ta inda ba zan rubuta ba, ka dai gane. Ya farfasa kashin da tsinke, sai ga dawa, yadda ta shiga haka ta fito. Ya buɗe bakin ya haska min. Malam, haƙoran tauna sun cinye. Wasu sun zube, wasu sun yi tsini sun yayyanka masa kunci. Sannan ya tambaye ni abin da nake ba shi.

Ka tuna kullum da hantsi kana jiƙa masa dusa da harawa a ruwan ɗumi, kana damawa da hannunka? Shekara nawa ina maka tsiya, ina cewa ga Malam yana yi wa mai jegonsa kunu? Wallahi na ɗauka rowa ce, ruwan don auki kake ƙarawa. Da ka tafi na ce maraya ba zai sha tsululu a hannuna ba. Dawa zalla nake zuba masa, busasshiya, cikin kwano har da tozo, ina jin ni ce mai kirki. Ashe haɗiyewa yake yi, tana cushe masa hanji. Don me ba ka taɓa faɗa min ba? Ko ka faɗa, dariyata ce ta danne?

Na koma jiƙawa, amma na makara. Jiya da safe ya sake tashi. An zura masa roba ta hanci an ɗura mai, bai saki ba. Likita ya ce hanjin ya murɗe, abin da ya rage sai allurar da za ta raba shi da wahala. Sani ya so a miƙa shi ga masu lodin dawakai zuwa kudu, inda ake yanka su. Na ce sai dai a loda mu tare.

An haƙa masa rami a gonarka ta Kufena. Ka san lungunmu, mota ba ta shiga, mushen doki kuma ba ya fita ta zaure. Dole ya fita da ƙafarsa tun yana iya tsayuwa. Bayan la'asar za a ba shi abin da zai kwantar da ciwon na ɗan lokaci, mu taka da shi zuwa bakin titi inda motar da za ta kai shi gonar ke jira, a can za a yi masa allurar. Sani ya ja shi ɗazu, ya ƙi motsi. Ni zan riƙe ragamar. Ni kaɗai yake bi, Malam. Har yanzu in na matso sai ya ɗora hancinsa a kafaɗata.

Ka yafe min. Allah ya kai haske kabarinka. Sai na zo.

Taka,
Gambo, wadda ba ta jin magana